Shin Amurka Ta Hau Turbar Fasisanci? A Tambayi Baƙo

 Yau za mu ɗan leƙa nesa da gida. Tun shekarar 2016 da Donald Trump ya fara cin zaɓe, masana tarihi a Amurka da Turai suke ta ja-in-ja kan tambaya ɗaya: shin abin da ke faruwa a siyasar Amurka fasisanci ne, wato irin aƙidar nan da Musolini ya kafa a Italiya, Hitila kuma ya kai ta maƙura a Jamus? Wasu sun ce ko shakka babu. Wasu kuma sun ce zagi ne kawai irin na 'yan siyasa, wanda aka saba jifan duk shugaban da ba a so da shi.

Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada. To akwai ruwanmu. Na farko, kakanninmu sun yi gaba da gaba da fasisanci a fagen fama. Rundunar sojan Nijeriya, wadda Hausa ce harshen ba da umarni a cikinta, tana sahun gaba wajen ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairun 1941, kafin a nausa cikin Habasha. Na biyu, dokokin hana shiga Amurka sun taɓa Chadi a 2017, sun taɓa Nijeriya a 2020, sannan a Disamban 2025 aka rufe wa Nijar ƙofa gaba ɗaya, aka kuma taƙaita bizar 'yan Nijeriya. Na uku, kuma shi ne babba a wurina, mu mutane ne da ake kira baƙi a garuruwan da aka yanke wa wasunmu cibiya, don haka akwai abin da idonmu ke gani a wannan muhawara da ba kowa ke gani ba.

Mene ne fasisanci?

Kalmar ta samo asali daga kalmar Italiyanci mai ma'anar dami, kuma tambarin ƙungiyar shi ne damin sanduna da gatari a tsakiya, irin wanda ake ɗauka gaban hakiman tsohuwar Roma. A ranar 23 ga Maris 1919 Musolini ya kafa ƙungiyar a birnin Milan, akasarin mabiyansa na farko tsofaffin sojoji ne da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya cike da fushi, suna ganin an zubar da jininsu an kuma cuci ƙasarsu wajen rabon ganima.

Dole mai karatu ya bambance fasisanci da kama-karya irin wadda muka sani. Sojan da ya yi juyin mulki da asuba, abin da yake so shi ne kowa ya shige ɗaki ya yi shiru. Ɗan fasis kuwa so yake jama'a su fito titi su cika fili suna ihun sunansa. A tawa fahimtar, idan aka tattara abin da masana suka rubuta, alamomin biyar ne. Ana gaya wa jama'a cewa ƙasarsu mai girma ce amma an wulaƙanta ta. Ana nuna musu wani rukunin mutane a cikin gida a ce su ne cutar. Ana ɗaga mutum ɗaya a ce shi kaɗai ne magani, maganarsa ta fi doka. Ana halatta duka da kisa matuƙar 'yan gida ne suka yi wa waɗancan. Ta biyar ita ce aka fi mantawa da ita: manyan ƙasa masu riƙe da mulki da dukiya su ne ke buɗe masa ƙofa, don suna zaton za su hau shi kamar doki su riƙe linzami.

Yadda suka shigo

Mu duba Italiya. A zaɓen 1921 'yan fasis kujeru 35 kacal suka samu a majalisa mai kujeru 535. Ƙarfinsu yana hannun 'yan daban jam'iyya masu baƙar riga, waɗanda suka yi shekara biyu suna ƙona ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago da gidajen jaridu, suna ɗura wa abokan adawa man gelo, 'yan sanda na kallo. A Oktoban 1922 suka doshi Roma. Firayim minista ya nemi Sarki Victor Emmanuel na Uku ya sa hannu a kafa dokar soja, kuma sojan na da ƙarfin tarwatsa su, amma sarki ya ƙi. Maimakon haka sai ya aika wa Musolini ya zo ya kafa gwamnati, shi kuwa ya taho daga Milan a jirgin ƙasa. A 1923 aka yi dokar da ta ba jam'iyyar da ta zo ta ɗaya kashi biyu cikin uku na kujeru. A Yunin 1924 aka sace ɗan majalisa Giacomo Matteotti aka kashe shi, kwanaki kaɗan bayan ya tashi a majalisa ya tona maguɗin zaɓe. Zuwa ƙarshen 1926 an haramta duk jam'iyyun adawa. Shekara huɗu ke nan daga shiga ofis zuwa rufe ƙofa.

Na Jamus ya fi sauri. A Nuwamban 1923 Hitila ya gwada juyin mulki a Munich ya sha ƙasa, aka yanke masa shekara 5, amma ko shekara ɗaya ba a yi da yanke hukuncin ba aka sake shi. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Da tattalin arzikin duniya ya karye, marasa aiki a Jamus suka kai miliyan 6, sai ta haura zuwa kashi 37 a Yulin 1932, ta sauko kashi 33 a Nuwamba. Ke nan bai taɓa samun rinjaye a zaɓe mai 'yanci ba. Wasu manyan masu ra'ayin riƙau irin su Franz von Papen ne suka lallashi Shugaba Hindenburg ya naɗa shi a ranar 30 ga Janairun 1933, suka ba jam'iyyarsa ministoci biyu tak, suna ganin sun ɗaure shi. Ranar 27 ga Fabrairu gobara ta tashi a ginin majalisa, washegari aka dakatar da 'yancin jama'a. A watan Maris aka buɗe sansanin Dachau, majalisa kuma ta miƙa masa ikon yin doka shi kaɗai. A watan Mayu aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago, ranar 14 ga Yuli aka ce jam'iyya ɗaya ce a ƙasa. Ko wata shida bai cika ba.

Darasin a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin mutanen nan biyu da ya fasa ƙofa. Buɗe musu aka yi daga ciki.

Abin da ya yi kama a Amurka

Yanzu mu ɗora ma'aunin nan a kan Amurka, mu fara da harshe. Taken Trump tun 2015 shi ne maido wa Amurka girmanta, wanda ke nufin an zubar da shi. Ranar da ya bayyana takararsa a Yunin 2015 ya siffanta baƙin da ke shigowa daga Meziko da masu laifi da masu fyaɗe. A Disamban wannan shekara ya nemi a hana Musulmi shiga ƙasar gaba ɗaya, kuma mako guda da rantsar da shi a 2017 ya sa hannu a dokar hana 'yan ƙasashe 7 masu rinjayen Musulmi shiga. A Nuwamban 2023 ya kamanta abokan adawarsa na cikin gida da ƙwari masu ɓarna, a Disamba ya ce baƙin haure na gurɓata jinin ƙasa. Wanda ya karanta tarihin Jamus ya san inda aka taɓa jin maganar jini da ƙwari. A babban taron jam'iyyarsa na 2016 ya ce shi kaɗai ne zai iya gyara ƙasar. Alamomi uku na farko ke nan, kuma ba a ɓoye suke ba.

Ta huɗu ita ce ta girgiza masana. A zaɓen 2020 Joe Biden ya samu ƙuri'u miliyan 81, Trump miliyan 74. Trump ya ce an yi maguɗi, aka shigar da ƙararraki sama da 60, kusan duka aka yi watsi da su, har da a gaban alƙalan da shi ya naɗa. Ranar 2 ga Janairun 2021 ya buga wa sakataren jihar Jojiya waya yana neman a samo masa ƙuri'u 11,780. Ranar 6 ga wata magoya bayansa suka kutsa ginin majalisa don hana tabbatar da sakamako, aka raunata 'yan sanda kimanin 140. Robert Paxton, dattijon masanin tarihi da ya rubuta shahararren littafi kan fasisanci a 2004, ya daɗe yana ƙin liƙa wa Trump wannan suna, amma kwanaki kaɗan bayan wannan rana ya rubuta cewa ya janye ƙin nasa. A Oktoban 2024 Janar John Kelly, wanda ya riƙe muƙamin shugaban ma'aikatan fadar Trump, shi ma ya ce tsohon maigidan nasa ya cika siffar. Sannan ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da ya koma mulki, Trump ya yi wa mutum kimanin 1,500 da aka tuhuma kan harin afuwa ko sassauci, har da waɗanda aka samu da laifin dukan 'yan sanda. Saƙon da ke cikin wannan afuwa ba ya buƙatar tafinta.

Ta biyar fa? Bayan harin, Majalisar Wakilai ta tuhume shi, aka kai Majalisar Dattawa. Sanatoci 57 suka ce yana da laifi, 43 suka ce a'a, alhali 67 ake buƙata. Da an samu, da za a iya haramta masa sake tsayawa. Jagoran 'yan Republican a majalisar, Mitch McConnell, ya kaɗa ƙuri'ar wanke shi, sannan ya miƙe a zaure ya ce Trump ne ke da alhakin abin da ya faru, kotuna su ji da shi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli, da alƙalai 6 a kan 3, ta ce shugaban ƙasa na da kariya mai faɗi daga tuhuma kan ayyukan ofis. Kowa ya tura wa wani, har lokaci ya ƙure. A nan ne na fi jin ƙamshin Roma ta 1922.

A cikin 2025 kuma an ga korar manyan masu binciken ma'aikatun gwamnati kimanin 17 a dare ɗaya, an ga riƙe wa jami'ar Harvard tallafin sama da dala biliyan 2, an ga umarnin shugaban ƙasa kan kamfanonin lauyoyin da suka taɓa tsayawa abokan gabarsa, an ga tura dakaru 4,000 na rundunar ko-ta-kwana zuwa Los Angeles ba da yardar gwamnan jihar ba, an kuma ga gurfanar da tsohon shugaban hukumar FBI James Comey bayan Trump ya fito fili ya nemi a yi hakan.

Abin da bai yi kama ba

Amma adalci ya sa a juya ɗaya gefen kwabon. Masanin tarihin Jamus, Richard Evans na Ingila, yana cikin waɗanda suka ƙi yarda da sunan, kuma hujjojin ɓangarensu ba na wasa ba ne.

Musolini da Hitila kowanne ya zo da rundunar jam'iyya mai kaki da kwamandoji. A 1932 'yan daban Hitila masu ruwan ƙasar riga sun kai kimanin 400,000, sun ninka sojan Jamus na lokacin sau huɗu. Ƙungiyoyi irin su Proud Boys ba su kai ko kusa ba. Haka kuma a Janairun 2021 Trump ya bar fadar, domin mataimakinsa Mike Pence ya ƙi karya doka, jami'an zaɓe 'yan jam'iyyarsa a Jojiya da Arizona sun ƙi sauya alƙaluma, soja kuma bai motsa ba. Da ya dawo a 2024, ta akwatin zaɓe ya dawo, da ƙuri'u miliyan 77 a kan 75, da wakilan jihohi 312 a kan 226. Kusan rabin masu asalin Latin Amurka sun zaɓe shi. A Dearborn ta jihar Michigan, garin da Larabawa suka fi yawa, shi ya zo na ɗaya saboda fushin da ake yi da Biden kan Gaza. Mutanen nan tsadar abinci da kuɗin haya da yaƙi ne suka kai da yawansu rumfar zaɓe, kuma duk wanda ya kira su 'yan fasis ya rufe wa kansa hanyar fahimtar su.

Mu kuma kwatanta lokaci. A wata shidan farko Hitila ya gama da majalisa, jaridu da jam'iyyu. A Amurka kuwa, a Satumban 2025 kotu ta ce riƙe kuɗin Harvard ya saɓa doka. A Nuwamba wata alƙaliya ta kori ƙarar Comey. A Disamba Kotun Ƙoli, wadda Trump ya naɗa uku cikin alƙalanta tara, ta hana shi tura dakaru Chicago. Miliyoyin mutane sun yi zanga-zangar ƙin sarauta a Yuni da Oktoban 2025 suka koma gida suka kwana. A zaɓen Nuwamban 2025 'yan adawa sun ci gwamnan Virginia da New Jersey, birnin New York kuma ya zaɓi Zohran Mamdani, Musulmi haifaffen Kampala, a matsayin magajin gari. A Barlin ta 1934 ko a mafarki ba a ganin irin wannan.

Magoya bayan Trump na da tasu hujjar. Suna cewa shi ne aka maka a kotu sau huɗu a 2023 yana ɗan takara, shi jihar Colorado ta cire daga takardar zaɓe sai da Kotun Ƙoli baki ɗaya ta maido shi a Maris 2024, shi aka harba a kunne a Yulin 2024. Suna tuna mana cewa gwamnatin Obama ta kori baƙi kimanin 400,000 a shekarar 2012 kaɗai ba a kira ta da wannan suna ba. Ba dole ne mutum ya yarda da duk abin da suka gina a kan waɗannan ba, amma abubuwan sun faru. Shi ya sa wasu masana irin su Steven Levitsky suka fi son kwatanta Amurka da abin da Viktor Orban ya yi a Hungary bayan 2010, inda ake zaɓe, adawa na nan, amma mai mulki ya karkatar da filin wasa ya sayi alƙalin wasa.

Madubin da ke cikin gida

A nan nake ganin ɓangarorin biyu duk sun tafi Turai neman abin da ke bayan ɗakinsu. Amurka na da nata tarihin, kuma shi ya fi haska yau.

Bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a 1865, an yi wa tsarin mulki gyara aka ba baƙar fata zama ɗan ƙasa a 1868 da ƙuri'a a 1870. A daidai wannan lokaci ƙungiyar Ku Klux Klan ta ɓullo a Tennessee: tsofaffin sojoji da suka sha kaye, masu sutura iri ɗaya, masu kisa da dare don maido da girman da suke ganin an ƙwace musu. Paxton kansa ya ce mai yiwuwa ita ce abu na farko a tarihi da ya yi aiki irin na fasisanci, shekara hamsin kafin Musolini. A Nuwamban 1898 farar fata ɗauke da bindigogi suka hamɓarar da zaɓaɓɓiyar hukumar birnin Wilmington, suka kashe baƙaƙe da dama, ba a hukunta kowa ba. A jihar Louisiana baƙaƙe masu rajistar zaɓe sun haura 130,000 a 1896, zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Tsakanin 1877 da 1950 an rataye ko an ƙona baƙar fata fiye da 4,000 ba tare da shari'a ba. Lauyoyin Hitila, da za su tsara dokokin wariya na Nuremberg na 1935, sai da suka zauna suka yi nazarin dokokin launin fata na Amurka. A Fabrairun 1939 masu goyon bayan Hitila kimanin 20,000 sun cika babban zauren taro a tsakiyar New York. A 1942 an kwashe mutum kimanin 120,000 masu asalin Japan zuwa sansanoni, kashi biyu cikin ukunsu 'yan ƙasa ne, Kotun Ƙoli kuma ta amince a 1944.

Duk wannan ya faru ne ana zaɓe kowace shekara huɗu, jaridu na fitowa, kotuna na zama. Bature a Boston yana cikin dimokuraɗiyya, baƙar fata a Mississippi yana ƙarƙashin jam'iyya ɗaya da 'yan dabanta har zuwa dokar ƙuri'a ta 1965. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya. Wani lauya Bayahude mai suna Ernst Fraenkel, wanda ya yi aiki a kotunan Barlin har 1938 kafin ya gudu, ya bayyana a littafinsa na 1941 cewa ko a Jamus ta Hitila gwamnati biyu ce a jiki ɗaya. Akwai mai bin doka, wadda ke raba gado da rikicin haya kamar kullum, akwai kuma wadda ba ta san doka ba, mai ɗauke wanda ta ga dama. Akasarin jama'a da ta farko suke hulɗa, shi ya sa suke rantsuwa cewa lafiya lau ake.

To wa ke haɗuwa da ta biyun a Amurka? A Maris 2025 gwamnati ta zaro wata dokar 1798 da sau uku kawai aka taɓa amfani da ita, duk a lokacin yaƙi, ta kwashi 'yan Venezuela sama da 200 zuwa wani kurkuku a El Salvador ba tare da an saurare su ba, duk da wani alƙali ya ce a juyo da jiragen. A cikin watan, jami'ai masu rufe fuska suka tare wata ɗaliba 'yar Turkiyya a titi saboda maƙalar da ta sa wa hannu kan Gaza, ta yi makonni shida a tsare kafin kotu ta sake ta. A Yulin 2025 majalisa ta ware wa hukumar shige da fice ta ICE kimanin dala biliyan 75 na shekara huɗu. Wannan ya sa nake cewa neman 'yan daba masu baƙar riga na iya zama ɓata lokaci, domin wanda ke da hukuma mai kasafi da bindiga da takunkumin fuska bai buƙatar su. Kuma katangar da ke tsakanin baƙo da ɗan gida ba ta da kauri: a Janairun 2026 jami'an tarayya da aka tura farautar baƙi a Minneapolis sun harbe mutum biyu har lahira, dukansu 'yan ƙasa.

Mu wannan karatu ba sabo ba ne a wurinmu. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, amma jikan wanda ya kafa rumfar farko har gobe idan ya je neman takardar asali sai a tambaye shi garinsu. Wanda ya ga Shagamu a 1999 ko Sasa a 2021 ya san yadda gari ke zaune lafiya a unguwa tara, ta goma na ci da wuta. A 1969 Ghana ta ba baƙi mako biyu su fice, Hausawa da Yarbawa da yawa suka bar gidajensu. A 1983 Nijeriya ta kori sama da mutum miliyan ɗaya. A Yunin 2017 wasu matasanmu a Kaduna suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa. Ba ɗaya cikin waɗannan da za a kira fasisanci, amma makamin ɗaya ne, kuma kowa ya taɓa riƙe ƙotarsa, har da mu.

Kammalawa

Amsata a taƙaice ita ce, alamomin fasisanci sun bayyana a siyasar Amurka, a harshe, a ɗaukaka mutum ɗaya, a ƙin karɓar kaye, da kuma yafe wa masu duka. Amma gwamnatin fasisanci ba ta kafu ba, domin har yanzu alƙali na cewa a'a, ɗan adawa na cin zaɓe. Abin da ya riga ya kafu shi ne tsohon tsarin nan na gwamnati biyu, wanda Amurka ta zauna da shi kusan shekara ɗari, aka yi zaton an binne shi a 1965.

Ga mai son bin lamarin, abubuwa uku nake ba shi shawara ya sa wa ido. Shin idan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ƙarara, fadar shugaba za ta bi ko za ta take? Shin jam'iyya mai mulki za ta iya faɗuwa zaɓe ta miƙa kujera, musamman a 2028, tunda gyaran tsarin mulki na 1951 ya hana wa'adi na uku? Sannan shin da'irar waɗanda ake ɗauka ba shari'a tana tsukewa ko tana faɗaɗa daga baƙon haure zuwa mai takarda, daga mai takarda zuwa ɗan ƙasa? Ta ukun ita ce ke fara motsi, kuma baƙo ne ke fara jin ta a jikinsa. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Italiyawa sun yi shiru lokacin da aka rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, sun yi tafi lokacin da aka zuba wa Habasha iska mai guba a 1936, sai a 1938 dokar wariya ta iso kan maƙwabtansu Yahudawa a Roma.

Wanda ke da ɗan uwa a can, ya ja masa kunne ya gyara takardunsa, ya kuma riƙe lambar lauya. Mu kuma da ke nan, duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'armu da zancen waye ɗan gari waye baƙo, ko da a wannan karon mu ne 'yan garin, mu tuna inda hanyar ke ɓullewa. Allah Ya zaunar da mu lafiya a inda muke. Sai mun sake haɗuwa.